Butar da Na Ɗaura wa Jan Zare

Zuwa ga Malam, uban 'ya'yana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da wanda ya riga mu gidan gaskiya, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima, Ya yalwata makwancinka. Mu nan Samaru lafiya lau muke, sai kewa. Zogalen da ka shuka a bayan ɗaki ya wuce katanga, maƙwabta suna tsinka ta wajensu, ban hana ba.

Shekara tara ke nan da rasuwarka ban taɓa rubuta maka komai ba, ni da na ƙare ƙuruciyata ina koya wa 'ya'yan mutane rubutun wasiƙa a firamare. Na san ba za ka karanta ba. Tsofaffin ɗalibaina da abokan aikina da ke bibiyar shafina su ne za su karanta, kuma da gangan na bar musu ƙofa a buɗe, don abin da zan faɗa maka ba a gidanmu kaɗai yake ba.

Na nemi izinin babban ɗanka kafin in fara, tunda maganar ta shafe shi. Ya aiko ƙanwarsa ta ce mini ya yarda, amma kada in sa sunansa. Dariya ta kama ni. Ɗan fari ne, ga shi sunan mahaifinka ya ci, kunya biyu ke nan a kaina. Cikin shekara talatin da takwas sau ɗaya tak sunan nan ya fito daga bakina, kuma zan gaya maka ranar.

Amma bari in fara da buta. Ka tuna butarka ta ƙarfe, wadda ka sayo a kasuwar Sabon Gari ka ce ka gaji da na roba masu fashewa? Ka tuna jan zaren da na ɗaura a hannunta? A kansa nake rubuta maka.

Abin ya soma ne wajen shekara shida kafin ka rasu. Ka fara daɗewa a bayan gida. Ka fito fuskarka a ɗaure, ka wanke hannu, ka zauna, ba a jima ba ka sake ɗaukar buta. Zamanka ma ya canza, sai ka karkace a gefe ɗaya kamar mai shirin tashi. Ka naɗe tsohon bargo ka ɗaure a sirdin babur ɗin da kake hawa kullum zuwa shagonka na gyaran keken ɗinki a PZ, cikin Sabon Gari. Na tsokane ka na ce babur ya samu katifa. Ka ce basir ne.

Akwai makon da zazzaɓi ya kwantar da kai, jikinka na rawa, kana dafe mara da ƙugu. Muka ce maleriya ce, mai kemis ya yi maka allura. Zazzaɓin ya sauka, sauran abubuwan suka zauna daram.

Sai ka ajiye limanci. Shekaru kana jan mutanen layinmu salla a ɗan masallacin bakin hanya, rana ɗaya ka ce a sa wani. Ka koma sahun baya, kusa da ƙofa. Nakan hango ka ta taga ka yi alwala, ka kama hanya, ka dawo ka sake wata. A ɗaki kuma ka ja jikinka daga gare ni, ba faɗa, ba bayani.

Ranar da na zo wanki na zaro ƙullin magani daga aljihun rigarka, irin wanda masu mota da lasifika suke sayarwa a tasha, an rubuta maganin sanyi na maza a jikin takardar. Da na tsaya na tambaye ka, da ba a zo ga wannan wasiƙa ba. Sai na kai wa wata abokiyar aikina a makaranta. Ta juya takardar, ta taɓe baki, ta ce sanyi ba ya zuwa da ƙafarsa, ɗauko shi ake yi. Ta tambaye ni inda shagonka yake, alhali ta sani. Da na ce Sabon Gari, ta ce "To," ta miƙo mini ƙullin.

Daga nan na zauna na yi lissafi irin na malamar aji. Mutum ya guje wa matarsa, yana shan maganin sanyi a ɓoye, yana wuni a Sabon Gari, ya kuma ajiye limanci da kansa. Na ce wanda ya san abin da ya aikata ne yake jin nauyin tsayawa gaban jama'a. Na haɗa, na fitar da amsa, na ba kaina goma bisa goma.

Ka san ni ba mai ɗaga murya ba ce. Ban yi yaji ba, ban kai ƙararka wajen kowa ba. Na ɗebo jan zare cikin kayan saƙata na ɗaure hannun butarka, na ce wa yara ta Baba ce, kada wanda ya taɓa. Na ware maka bokiti da soso da tawul. Na ce zafi ya yi yawa, na koma ɗakin yara. Abincinka bai taɓa yin latti ba, gaisuwar safe ban fasa durƙusawa ba. Duk wanda ya shigo gidan sai ya ce Malam ya yi dacen mata.

Kai kuwa ka ɗauki butar, ka juya zaren da ɗan yatsa, ka ce, "Malama, an yi wa buta ado." Iyakar abin da ka taɓa faɗa a kai ke nan. Ka yi alwala da ita shekara shida.

Hawan jini ne ya kayar da kai a shago da rana tsaka, ba wannan ciwon ba. Na yi kukanka da gaske, na yi takaba, ban daina yi maka addu'a ba. Amma ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai bana: duk lokacin da na ce Allah Ya yafe maka, akwai laifi guda da nake nufi a raina. Shekara tara ina roƙa maka gafarar abin da ni ce na rubuta maka shi.

Yanzu ga abin da ya faru.

Bayan ƙaramar salla, da hantsi ina tsintar shinkafa, Safiya ta shigo. Matar babban ɗanka, wadda aka ɗaura musu aure shekara biyu bayan tafiyarka, ba ka san ta ba. Yarinya ce mai tsafta da kawaici, da ka so ta. Ta shigo da goyo, ta ajiye jaka a bakin ƙofa, ta durƙusa ta ce ta zo sallama, za ta tafi gidansu a Basawa. Sai da na ba ta ruwa ta sha kafin ta yi bayani.

Ta ce mijinta ya canza. Yana daɗewa a bayan gida, yana fitowa yana cije leɓe. Ya daina zuwa inda take. Ta ga kwalbar magani a bayan akwati, ta nuna wa wata maƙwabciya, maƙwabciyar ta fassara mata. Ina jin ta ina ci gaba da tsintar shinkafa, ina ma shirya irin haƙurin da ake ba 'ya'ya mata, sai ta ce, "Mama, har bokitinsa na ware."

Malam, na ajiye tiren. Na dubi yarinyar nan na ga kaina, har yadda take taɓe baki. A karon farko tambaya ta shigo mini wadda ya kamata ta shigo tun tuni. Ɗan nan na san shi, daga shagonka da ya gada sai masallaci sai gida. Idan shi bai yi ba amma yana da waɗannan alamu, to kai fa?

Na roƙi Safiya ta ba ni mako ɗaya. Ta ce saboda ni za ta zauna, amma jakar ba za ta kwance ba. Na ce na yarda.

Sai matsala ta tsaya a kan wanda zai yi masa magana. Ka san yadda muke da shi. Tun yana ƙarami wajen mahaifiyarka ya fi zama, idan ina da saƙo ƙanwarsa ke kaiwa, idan ya zo gaishe ni daga bakin ƙofa yake tsayawa, ni kuma ina amsawa ina kallon tukunya. Maganar fitsari ba ta bi ta bakin ƙanwa. Ƙaninka kuwa, Allah Ya ja kwanansa, da na gaya masa da safe, kafin la'asar duk majalisarsu ta ji, kowa ya kawo nasa sassaƙen.

Na kwana biyu ina juya abin. A rana ta uku na sa hijabi na hau bas zuwa Sabon Gari, na sauka a PZ. Rabona da shagon nan tun kana ciki. Ƙamshin man keke na nan yadda ka bar shi, kawunan kekuna a jere a kan kanta. Ɗanka na kan kujerarka, ya karkace a gefe ɗaya, ya naɗe tsumma a ƙarƙashinsa. Da ya gan ni ya miƙe a firgice, ya ɗauka rasuwa aka yi.

Na juya masa baya na fuskanci kekunan, na yi musu magana. Na ce mutum idan fitsari na yi masa zafi, yana fita da ƙyar, yana ɗiga bayan an gama, asibiti yake zuwa, ba tasha ba. Kekunan ba su ce komai ba. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, ba komai ba ne, basir ne.

Kalmarka ce, da muryarka. Ban san sadda na juyo ba. Na dube shi ido cikin ido, na kira shi da sunansa na yanka, sunan mahaifinka, na ce gobe da safe zai je asibiti, ni da matarsa za mu raka shi. Ya koma ya zauna a hankali kamar an zare masa laka. Ya ce, "To, Mama." Na fito ban ko yi sallama da maƙwabtan shagon ba.

A asibiti an ɗauki fitsarinsa da jininsa, an auna Safiya ita ma. Likita ya duba shi ta dubura da yatsa, don ta nan ake jin wurin. Ɗanka ya fito bai kalli kowa ba, sai ka ce mu muka aikata. Bayan 'yan kwanaki muka koma karɓar sakamako. Likitan ya tambaye shi ko ya yarda a yi wa iyalinsa bayani. Ya yarda, amma ya fice ya tsaya ƙarƙashin bishiya. Safiya ta riƙe gefen hijabina ta ja ni ciki.

Likitan yaro ne, sa'an ɗanka. Ya ɗauki biro ya yi mana zane. Da a ajina ne da bai ci zanen ba, amma bayaninsa ya fita. Ya ce kowane namiji yana da wata 'yar tsoka a ƙarƙashin mafitsara, girmanta kamar goro ɗaya, suna ce mata furostet. Hanyar fitsari ta tsakiyarta ta ratsa, kuma ita ke samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. Idan ta kumbura sai ta matse hanyar. Shi ya sa mutum ke jin fitsari a kai a kai, dare da rana, ya je ya tsaya yana jira, ya fito siriri da zafi, ya tashi yana jin bai gama ba, daga baya ya ɗiga a wando.

Ya ce ciwon yakan zauna a tsakanin maraina da dubura, wurin da mutum ke zama a kai, yakan kuma bi mara da ƙugu da gaba. Da yawa suna jin zafi lokacin saduwa ko bayanta, sai su riƙa gudun iyalinsu ba tare da sun iya faɗin dalili ba. Ina zaune ina jin yaron nan yana karanto mini shekara shida na aurena ɗaya bayan ɗaya. Bargon babur, sake alwala, sahun baya kusa da ƙofa. Wanda alwalarsa ba ta tsayawa, yaya zai ja mutane salla? Tsoron Allah ne ya sa ka ajiye limanci, ni kuma na sa shi cikin shaidun laifinka.

Ya ce abin iri-iri ne. Akwai mai zuwa farat ɗaya da zazzaɓi da rawar jiki, wani lokaci fitsari ya tsaya cak. Wannan ba a kwana da shi a gida, don ƙwayar cutar na iya shiga jini. Akwai mai tafiya yana dawowa, irin na ɗanka, wanda aka ga ƙwayar cuta a fitsarinsa. Akwai kuma wanda za a auna ba a ga ƙwayar komai ba amma ciwon na nan, ya ce irin wannan ne ya fi gani. Ya ja kunnenmu kada mu haɗa shi da girman da tsokar ke yi idan namiji ya tsufa, ko da ciwon daji. Alamun suna kama, shi ya sa sai an auna. Wannan kumburin har matasa yana kamawa.

Sai Safiya ta yi tambayar da ni ban yi ba a lokacina. Ta ce, "Likita, daga wajen mace ake ɗaukowa?" Ya ce akwai lokacin da cutar saduwa ke jawo shi, ba zai ɓoye mana ba, amma mafi yawan waɗanda yake gani ba ta nan ba ne. Ƙwayar da aka samu a jikin mijinta irin wadda ke zaune a hanjin kowa ce, takan ɓata hanya ta shiga mafitsara. Awon da aka yi musu su biyu bai nuna cutar saduwa ba. Ya ce buta da bokiti ba sa ɗaukar wannan ciwon su kai wa wani.

Da muka miƙe na tsaya a bakin ƙofa na ba shi labarin wani mutum da na sani, wanda ya rasu. Ban ce kai ba ne. Ya saurara har na gama, ya ce ba zai yanke hukunci a kan wanda bai duba ba, amma alamun da na lissafa na wannan ciwon ne, kuma ba hujja ba ne a kan kowa. Na yi godiya, na fito na zauna a benci. Safiya ta ɗauka gajiya ce, ta je ta sayo mini ruwa.

A gida na zaunar da ita na gaya mata labarin jan zare, tun daga farko. Suruka ba ta faɗa wa matar ɗanta irin wannan, na sani. Na faɗa. Ta yi kuka, ban san ko nata take yi ko nawa ba. Da yamma ƙanwar mijinta ta zo ta ce mini an kwance jaka.

Ɗanka ya yi makonni yana shan magani. Likita ya ce kada ya tsaya don ya ji sauƙi, sai ya ƙare. Yana zama cikin ruwan ɗumi, yana shan ruwa sosai, yana tashi daga kujerar nan ya miƙe ƙafa maimakon wuni a kanta. An ce ya rage yaji da shayi mai kauri. Na shayin ya bi, na yajin kuwa ɗanka ne, Safiya na fama. Ya samu sauƙi ƙwarai, ko da yake wasu ranakun yana ɗan jin sa, kuma yana komawa a duba shi. Ranar Juma'ar da ta wuce na hango shi ta taga, alwala ɗaya ya yi ya wuce.

Ina da ƙorafi a kanka kai ma, ba zan ɓoye ba. Ka iya kwance keken ɗinki ɗaiɗai ka gano ƙaramin ƙarfen da ya goge, amma naka jikin ka kai wa mai lasifika. Ka ga zaren, ka gane abin da yake nufi, na tabbata ka gane, ka zaɓi a zarge ka da neman mata a kan ka buɗe baki ka ce wa matarka fitsari na yi maka zafi. Wace irin kunya ce wannan, Malam? Da jumla ɗaya ka yi, da ni da kaina zan raka ka asibiti.

Amma nawa ya fi naka. Kai ciwo ya rufe maka baki, ni kuwa lafiyata ƙalau na yi shiru. Na tambayi abokiyar aiki, ban tambayi mutumin da nake kai wa tuwo kullum ba. Ba ranar da ka canza mini fuska. Har ranar da za ka fita ta ƙarshe, da ka gama alwala ka ajiye butar a inda na ce a riƙa ajiye ta, nesa da na yara.

Idan cikin masu karanta wannan akwai wanda ya naɗe bargo a sirdin babur, ko wadda ta fara ware bokiti, na san ba za ka ji haushin na tona sirrinmu ba. Su je a auna, su biyun, kafin su yi lissafi irin nawa.

Butar tana nan. Tun rasuwarka take bayan randa, ba wanda ya taɓa ta, don ban taɓa janye dokar ba. Jikokinka da ba su san ka ba sun san ba a taɓa butar Baba. Jiya da azahar na ɗauko ta na wanke. Zaren ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, amma ƙullin bai saki ba, na ɗaure shi da kyau. Na yi ta fama da farce ya ƙi, sai da na sa almakashi. Na cika ta da ruwa na yi alwala. Ƙaramar jikarka ta tsaya tana kallona ta ce ai ba a taɓawa. Na ce yanzu ana taɓawa, na miƙa mata ta wanke ƙafa.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa ciwon da ka ɗauka kai kaɗai ya zama kankarar zunubi. Allah Ya ba ɗanka cikakkiyar lafiya, Ya zaunar da shi da iyalinsa lafiya. Addu'ar da na yi shekara tara ina yi maka, yau na juya ta: Allah Ya yafe mini abin da na zarge ka da shi. Kai ma ka yafe mini, Malam. Na san da kana nan murmushi kawai za ka yi ka ce an cire wa buta ado.

Taka har kullum,
Hajara,
wadda kake kira Malama.
Samaru, Zariya.